Masu Raspberry Pi, ga maganin lalacewar memori

Ƴan uwa masu barin Raspberry Pi, ƴar ƙaramar kwamfutar nan, a kunne dare da rana a matsayin ƙaramar saba (server), in katin memorinku na yawan lalacewa ku bar Raspberry Pi OS, babbar manhajar da aka saba sa masa, ku koma Alpine Linux, ku sa shi a tsarin da suke kira diskless, wato ya yi aiki ba tare da yana rubutu a kan katin ba.

Shi Raspberry Pi OS kullum cikin rubutu yake a kan katin, to in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutun nan sai fayil ya lalace, ka kunna ya ƙi tashi. Alpine kuwa da ya tashi sai ya kwashe komai ya zuba a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, daga can yake aiki, katin karanta shi kawai ake yi, ko sau goma aka ɗauke wuta a yini ba ruwansa.

Sakawa ba wuya. Ka yi wa katin fomat FAT32, ka warware fayil ɗin Alpine na Raspberry Pi a ciki, ka kunna ka buga setup-alpine, in ya tambaye ka disk ka ce none.

Amma don Allah duk gyaran da ka yi ka buga lbu commit don ya adana shi a katin, in ba haka ba da ya sake tashi gyaran ya tafi. Kuma foldar /etc kaɗai yake adanawa, sauran folda sai ka ƙara su da lbu include.

Inda ba zai maka ba shi ne aiki mai yawan ajiya, irin database ko bidiyon kyamara, tunda komai a RAM yake zama, musamman a Pi Zero 2 W mai RAM 512MB. Sannan wasu manhajojin da aka gina wa glibc, laburaren da yawancin Linux ke amfani da shi, ba sa tashi a kansa tunda wani laburaren mai suna musl yake amfani da shi, ka duba naka tukun.