Babi na 7: Gyaran kuskuren da ya wuce layi da yawa a saƙar kibiya

Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Ku aje kibiya tukuna, a karanta wannan shafin a hankali, wadda karatunta bai yi ƙarfi ba ta zauna kusa da wadda ta fi ta, ba abin kunya ba ne, dukkanmu haka muka fara.

Abin da ya sa na rubuta babin nan, duk shekara in hunturu ya kama a nan Damagaram sai mata su fara zuwa da hular jariri da safa da ƴar riga ana sauri a gama kafin suna, mace ta yi layi takwas ko goma sannan idonta ya faɗa kan wani ƙullutu can ƙasa inda bai kamata ba, sai kawai ta zare kibiya ta warware aikin kwana uku. Akwai wata baiwar Allah daga Garin Malam da ta yi haka a gabana sau biyu a riga ɗaya, na biyun har da hawaye, zaren duk ya nannaɗe kamar taliya. To ba sai an kai nan ba. In ido ɗaya ne ya ɓaci, ido ɗayan za mu bi mu sauka mu gyara mu sake hawa, sauran aikin yana nan yadda yake.

Darasi na 1: Mu san abin da muke kallo

Ki tanadi kwarashi ɗaya, wanda bai fi kibiyarki kauri ba. Duba jikin kibiyar akwai lamba, in an rubuta 4 huɗu ke nan, sai ki ɗauki kwarashi 3 ko 3.5. Wanda ya fi kibiya kauri yana buɗe ido ya bar shi holoƙo. Sai fil ɗaya mai makulli irin na kama hijabi, robar kitso biyu, da ƙwayar wake kamar goma a murfin kwano. Waken ba na dafawa ba ne, za ki ga amfaninsa.

Ido shi ne kowane zagayen zare da ke rataye a kibiya, waɗanda suka koya da Faransanci suna ce masa may. Layi shi ne in kin saƙa daga wannan gefe har wancan gefe, a kwance yake. Amma idanun suna kuma hawa kan juna a tsaye, ɗaya bisa ɗaya kamar an jera tubali, wannan shi zan riƙa kira jerin tsaye.

Yanzu shimfiɗa saƙar a cinyarki, fuskar mai santsi tana kallonki. Littattafai suna cewa idon gaba kamar harafin V yake, to V ba ya cikin baƙaƙen Hausa da muka koya, don haka ɗaga yatsu biyu ki buɗe su, yauwa, haka yake. Juya saƙar. Waɗannan ƙananan ƙullutun masu kama da ƙwayar shinkafa a kwance su ne idon baya. Abu ɗaya ne fa, idon da ya zama V a nan shi ne ƙullutu a can. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Kada wadda ta fara koyo a kan rigar mutane. Mu yi ƙyallen gwaji. Ɗora ido 20, ashirin. Saƙa layi 10, ɗaya gaba ɗaya baya. A layi na 11 ki saƙa ido 9 na gaba, na 10 ki yi shi na baya da gangan, sauran ki ƙarasa da gaba. E, da gangan na ce, ni na sa ki. Sai ki ƙara layi 5 daidai yadda aka saba. Yanzu kina da ƙullutu ɗaya tsakiyar fuska mai santsi, shi ne mara lafiyarmu.

Kuma da rana ake wannan aikin, a tsakar gida inda haske yake. Ba da dare da fitilar salula a baki in an ɗauke wuta ba.

Darasi na 2: Sauka da hawa

Nemo V ɗin da ke ƙarƙashin ƙullutun kai tsaye, wanda ƙullutun ke zaune a kansa. Soka fil a cikinsa ki kulle. Wannan fil shi ne birki, warwara ba za ta wuce shi ba, don haka ki kwantar da hankalinki.

Ɗora yatsa a kan ƙullutun ki bi jerin tsaye zuwa sama, V bayan V, kada yatsan ya karkace, har ki iso kibiya. Idon da kika tarar shi za mu saki. A ƙyallenmu shi ne na 10. Saƙa ido 9 ki tsaya. Yanzu na farko a kibiyar hagu shi ne namu, hagu wato hannun da ba kya cin tuwo da shi. Zame shi shi kaɗai daga kibiya, sauran ki tura su baya nesa da tsini ki ɗaura robar kitso a bakin kowace kibiya don kada su bi shi.

Na san gabanki na faɗuwa, wata biyu ina ce muku kada ku bar ido ya faɗi yau kuma ni ce ke cewa a sake shi. Sake shi dai. Ja saƙar gefe da gefe a hankali, za ki ga idon yana zamewa ƙasa yana barin zare a kwance, ɗaya, sannan wani, sannan wani, kamar matakan tsani. In ya maƙale ki taimaka masa da bakin kwarashi, kada ki fizga. Duk matakin da ya fito ki ɗauki wake ɗaya ki aje a gefe. Ki ci gaba har ƙullutun da kansa ya warware, a nan da yawa ke tsayawa da wuri su bar kuskuren yana zaune su hau abinsu. Sai ƙullutun ya ɓace, idon da ke da fil ya tsaya shi kaɗai da kansa a sama. Ƙirga waken. A ƙyallenmu 6 za ki samu, layi 5 da muka ƙara da layin kuskuren kansa.

Sa kwarashi cikin idon mai fil daga gabanki zuwa baya, sannan ki cire fil ɗin. Duba da kyau, matakan tsanin su kasance a bayan idon, ba a gabansa ba.

To ga wurin da nake so kowa ta buɗe kunne. Ki kamo mataki na ƙasa. Na ƙasa duka, wanda ya fi kusa da kwarashi. Jawo shi ta cikin idon zuwa wajenki. Tsohon idon zai zame, sabon ya zauna a kwarashi. Madalla, kin yi ɗaya, maida wake ɗaya cikin murfi.

Yanzu kuma wanne za ki kamo? Na ƙasa. Ba wanda ya fi sauƙin kamawa ba, ba wanda ya leƙo gaba ba, na ƙasa. Matsalar ita ce zaren nan ba sa tsayawa a jere kamar tsanin katako, suna sakwarkwacewa na sama ya faɗo kan na ƙasa, musamman zaren ulu mai santsi da muke saye a Kasuwar Dole, sai ki ga biyu sun haɗe kamar ɗaya. Don haka kafin kowace kamawa ki sa babban yatsa da manuniya ki ja saƙar ta miƙe, ki bi zaren da ido zuwa gefe ki ga daga wane layi ya fito, wanda ya fito daga layin da ke daidai saman idonki shi ne naki. Kamo shi, jawo, maida wake.

Sake. Miƙe saƙar, nemo na ƙasa, kamo, jawo, wake.

In kin tsallake ɗaya me zai faru? Zai rage a baya yana lilo, yatsan jariri ya shiga ciki, gaban kuma ya tattare ya yi ɗan rami. In kin ɗauki na 3 kafin na 2 sai su harɗe, wurin ya yi tauri kamar ƙulli. Kin je gyaran ƙullutu ɗaya kin dawo da biyu, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ba komai, kowa ta yi wannan, ni ma na yi a hular ɗana na fari har uwar mijina ta tambaya ko ɓera ne ya taɓa. Zare kwarashi ki sake sauka zuwa inda ya harɗe ki fara kuma, daga na ƙasa.

Wani abu, zaren nan silili uku ko huɗu ne aka murɗa, ki tabbata kin kamo shi gaba ɗaya, in kin tsaga shi kin jawo rabi wurin zai yi gashi gashi.

Hajiya, da ke nake, ke da ke cewa ai kin gane tun na farko. Kin miƙe saƙar kafin ki kamo? Haba jama'a, shekara nawa ina faɗar abu ɗaya, na ƙasa, na ƙasa, amma da na juya baya sai a kama hira ana zancen ruwa bai zo unguwa ba hannu na tafiya shi kaɗai, sai an kai sama a kira ni wai malama zo ki gani ya ƙi. Bai ƙi ba, ke ce kika tsallake. Minti biyar ne kacal, a yi shiru a gama sannan a yi hirar. Kuma wadda ta ce waken wasan yara ne ba za ta yi ba, ita ce kullum ke isa kibiya da zare ɗaya a baya. In kin isa sama kuma da sauran wake a gefe, juya saƙar, za ki gan shi yana lilo. Sauka ki ɗauko shi.

Ku yi haƙuri da faɗan. So nake ku iya.

In wake ya ƙare mataki ya ƙare, cire robar hagu ki maida idon kan kibiyar hagu. Ido ƙafa biyu gare shi, ƙafar dama ta kasance a gaban kibiya wajenki, ta hagu a baya, kamar sauran ƴan uwansa, duba na kusa da shi ki kwaikwaya. In ya juye, V ɗin zai harɗe ƙafa a gindi, cire ki juya shi. Sai ki ƙarasa layinki. Jerin da kika gyara zai ɗan fi sauran sakwa-sakwa, ja saƙar tsaye da kwance sau biyu uku, abin da ya rage wanki zai daidaita shi.

Ki yi wannan ƙyallen sau 3 kafin ki zo aji. Sau 3, kuma kowane mataki na ƙasa.

Darasi na 3: In idon baya ne

Kin tuna na ce V a nan ƙullutu ne a can? To in jerin da za ki gyara na baya ne, kamar a bakin hula ko bakin hannun riga inda muke yin 1 gaba 1 baya ko 2 gaba 2 baya, juya saƙar kawai, ta can V ne, sai ki yi duk abin da muka yi a darasi na 2. In kin gama ki juyo ki maida idon.

Saƙar da kowane layi gaba ake yi, mai ƙullutu ta fuska biyu, ita ce mai wahala don sai kin juya saƙar a kowane mataki, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ki zare kwarashi ki riƙe idon da yatsa ki sake sa shi ta ɗaya fuskar. Duba idon maƙwabci ki ga ko V ne ko ƙullutu a wannan layin ki yi irinsa. Har yanzu dai na ƙasa.

Darasi na 4: In kuskuren ya yi faɗi

Ido ɗaya ko biyu ake bi da kwarashi. In rabin layi ne ya ɓaci, ko kin manta rage ido a hammatar riga, sai warwara. Amma kafin ki zare kibiya ki sa zare mai wani launi a babbar allura, ki bi layi ɗaya da ke ƙasan kuskuren kina ɗaukar ƙafar dama ta kowane V daga gefe zuwa gefe, kada ki sauka ko ki hau wani layin. Ƙirga, in ido 20 kika ɗora 20 za ki samu. Sannan ki zare kibiya ki warware kina naɗe zaren, zai tsaya da kansa a kan zare mai launi. Maida idanun kan kibiya, zare mai launin ki jawo shi waje.

Masu zuwa mini ana gobe suna da riga rabi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na 5: Rami

Wani lokaci rami za ki gani kuma idanu sun ƙaru da ɗaya, 21 maimakon 20, zare ne ya hau kibiya ba ki sani ba. In layi 2 ko 3 ne kika wuce ramin ki saki wannan idon da ya ƙaru ya sauka ya ɓace, ki rarraba sakin zaren ga maƙwabta da bakin kibiya. In ya fi haka ki kawo shi aji ranar Asabar in duba, Alhamis ba na nan ina kasuwa.