Yadda Ake Kula da Tsohuwar Kyanwa a Ƙarshen Rayuwarta

Kyanwar da ta samu kulawa a gida tana iya kai shekara 15, wasu ma har su haura 20, kuma likitocin dabbobi suna sa ta a sahun tsofaffi tun daga shekara 11. A lissafinsu, mai shekara 15 ta yi daidai da mutumin da ya kai 76 ko kusa da haka. Abin da ke sa jinyarta wuya shi ne kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ta yawan kuka ko ɗingishi a bainar jama'a, sai dai ta rage zirga-zirga ta nemi lungu ta kwanta, mutanen gida su ce tsufa ne kawai. Saboda haka mafi yawan aikin mai jinyarta sa ido ne.

Alamar farko takan bayyana a wajen tsalle. Za a ga ta zo gindin katangar da ta saba hayewa, ta ɗaga kai ta duba, ta ɗan durƙusa kamar za ta zabura, sai ta fasa ta juya. Wannan yawanci ciwon gaɓoɓi ne, kuma shi ne ke hana ta lanƙwasa jiki ta lashe bayanta, har gashin wurin ya cukurkuɗe. Idan aka shafa gadon bayanta aka ji ƙasusuwa sun fito, to rama ta yi nisa. Yana da kyau a riƙa auna nauyinta duk wata, domin kyanwa mai kilo 4 da ta zubar da giram 400 ta rasa kashi ɗaya cikin goma na jikinta ke nan, alhali ido ba lallai ya gane ba. Ciwon ƙoda na daga cikin cututtukan da suka fi kama tsofaffin kyanwoyi, kuma yana zuwa da yawan shan ruwa, yawan fitsari, amai da warin baki. Akwai kuma ciwon tayirod, wata 'yar gaɓa da ke cikin wuyanta, wanda ke sa ta ci abinci da yawa amma tana ta ramewa. Gwajin jini da na fitsari ne ke bambanta su, kuma ana samun masu yinsa a asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. Ciwon ƙoda da ya daɗe ba ya warkewa, amma idan an gano shi da wuri ana iya rage masa gudu.

Abinci shi ne inda aka fi shan fama. Tsohuwar kyanwa hancinta ya rage jin ƙamshi, haƙoranta da dasashinta kuma sau da yawa suna ciwo, don haka za a ga ta zo wurin kwano da alamar yunwa, ta shinshina, ta ja da baya. A ba ta abinci mai laushi, kamar dafaffen naman kaza ko kifi da aka zare wa ƙaya aka marmasa da ɗan romo, kuma a ɗumama shi kaɗan yadda ƙamshin zai tashi ba tare da ya ƙona baki ba. Kaɗan kaɗan sau huɗu ko biyar a yini ya fi cika mata kwano sau ɗaya. Romon kuwa a dafa mata nata daban, babu gishiri, babu albasa, babu tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma wannan ne ya sa ragowar miyar gida ba ta dace da ita ba. Madara ma, duk da an saba ba ta, tana sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Idan ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, kada a ce a jira ta ji yunwa, domin rashin ci na kwanaki yana taɓa hantar kyanwa. A nemi likita, kuma kada a yi mata ɗura da ƙarfi, saboda abincin na iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu.

Ruwa a ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya kusa da makwancinta, cikin kwano mai faɗi mara zurfi, a riƙa sauya shi safe da yamma. Mai ciwon ƙoda ba a rage mata ruwa don a rage fitsari, yin haka cutar da ita ne. Idan dasashinta ya bushe yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa, kuma likita na iya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, wanda sau da yawa yakan dawo mata da ɗan kuzari.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan jinya shi ne kada a ba ta maganin mutane. Farasitamol, wanda kusan kowane gida yana da shi, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka ibuprofen da dangoginsa suna lalata mata ƙoda da ciki. Tausayi ne ke kai mutane ga wannan kuskure, sun ga tana wahala suna son su rage mata, amma maganin ciwon da ya dace da ita likitan dabbobi ne ke zaɓarsa bisa nauyinta da lafiyar ƙodarta. Maganin ƙuma da kaska na karnuka ma haɗari ne, musamman mai sinadarin fametrin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Idan za a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗaki, a fitar da ita da kwanukanta har sai iska ta ratsa wurin.

Makwancinta ya kasance a ƙasa, inda ba sai ta hau komai ba. Kwali da aka yanke gefe ɗaya aka shimfiɗa tsohon bargo a ciki ya wadatar, a ajiye shi a kusurwar da babu hayaniyar yara. Da hunturu a ƙara mata shimfiɗa a nisanta ta da siminti, domin ramammiyar kyanwa ba ta riƙe ɗumi. Da bazara kuma a nema mata inuwa mai iska. A kawo mata bahon roba mai gajeren baki da yashi a ciki kusa da inda take kwana, tun da fita bayan gida ta yi mata nisa. Idan ta yi fitsari a inda bai kamata ba, kada a doke ta ko a yi mata tsawa, kasawa ce ta jiki, kuma kyanwa dabba ce mai tsabta da ba ta son kwana cikin ƙazanta. A goge mata jiki da tsumma mai ɗumi, a taje gashin a hankali, a duba faratanta, domin idan ta daina kartar itace sukan yi tsawo su lanƙwashe har su shige tafin ƙafa. Wasu sukan makance ko su kurmance, wasu su riƙa kuka da dare saboda ruɗewa. Irin waɗannan a bar musu kwano da makwanci a inda suka sani, kuma a yi musu magana ko a bari su shinshina hannu kafin a taɓa su.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Kyanwar da ke kwance tana numfashi fiye da sau 40 a minti ɗaya, ko tana haki da baki buɗe, ko dasashinta ya yi fari fat, tana buƙatar likita a ranar. Haka muzurun da ke ta tsugunawa yana nishi fitsari bai fita ba, domin toshewar mafitsara na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku.

Idan ajali ya matso, takan daina ci da sha, kunnuwa da ƙafafu su yi sanyi, ta kasa tashi, numfashinta ya riƙa yankewa yana dawowa. A wannan lokaci a daina matsa mata da abinci, a jiƙa mata leɓe da auduga, a riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe bayan 'yan awoyi, a sauya shimfiɗa idan ta jiƙe. Idan ta nemi ɓuya a bar ta, amma a san inda take. Abin da bai dace ba ko kaɗan shi ne a sa ta a buhu a kai ta daji ko bola a yar, domin dabbar da ta yi shekaru tana cin abinci a hannun mutum ba za ta iya farauta a wannan hali ba, yunwa da ƙishirwa ne za su ƙarasa ta. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ya isa ya nuna girman haƙƙin da ke wuyan mai ita.

Idan wahala ta yi tsanani kuma likita ya tabbatar babu sauran magani, yakan ba da shawarar allurar da ke sa ta barci mai nauyi har numfashi ya tsaya ba tare da ta ji zafi ba. Malamai sun saɓa a kan wannan, a cikin malaman Malikiyya akwai waɗanda suka halatta hutar da dabbar da aka yanke ƙauna da ita, wasu malaman kuma suka hana, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Duk yadda aka yanke, maganin ɓera ko wata guba ba hanya ba ce, azaba ce mai tsawo. Bayan ta mutu a naɗe ta a tsumma a binne ta a rami mai zurfin kusan mita ɗaya, nesa da rijiya, a danne da duwatsu, domin maganin allurar yana zama a jikinta kuma yana iya kashe kare ko ungulun da ya ci gawar.