Darasi na 7: Sauke tankin mai na tsohuwar mota, a gyara a mayar

Ƴan uwa masu karatu, darasin yau na masu tsohuwar Fijo ne da yaran garaji. 404 ta fara fitowa a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, shi ya sa ta cika mana gari nan Maraɗi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Har yau akwai masu ɗaukar buhunan gero da su zuwa kasuwannin ƙauye. Injin na da ƙarko, tankin ne ke ruɓewa ba mai dubawa.

Tankin ƙarfe ne, yana cin lita 50 zuwa 60 gwargwadon irin motar. Abin da ke kashe shi ruwa ne. Ruwa ya fi esansi, wato fetur, nauyi, in ya shiga sai ya kwanta can ƙasa yana cin ƙarfe. Ta ina yake shiga? Wani daga raɓa in an bar tanki ba mai a ciki, wani daga murfin da ya saki lokacin damina, wani kuma daga man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, ba zagin su nake ba, ni ma ina saye, amma jarka da kwalba ba kullum suke da tsabta ba. Alamar kuwa ba ta ɓuya: warin mai a bayan mota, ɗigo a ƙasa da safe, ko mota ta riƙa shaƙewa kan hanyar Madarunfa ka buɗe filta ka ga jar ƙasa kamar garin barkono.

Kafin komi, a karanta wannan layi da ƙarfi sau 2. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari. Tururin mai ne ke fashewa, kuma yana daɗewa a ciki ko da ka ga ya bushe ƙayau. Tururin ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, don haka kar a yi aikin cikin ramin garaji ko ɗaki rufe. A fili za a yi, nesa da mai shayi da gawayinsa, nesa da mai taba, nesa da janareto. A ajiye bokitin yashi kusa, don ruwa ba ya kashe wutar esansi, yaɗa ta yake.

Ka fara cire kan batir na debewa, wato mai alamar (-). Sai ka juye man cikin jarka. In akwai ƙusar zubarwa a gindin tanki ka kwance ta, in babu ka sa ɗan famfon hannu, kar ka zuƙa da baki, man da ya wuce huhu ba wasa ba ne. Ka ɗaga mota ka tokare ta da ƙarfe ko katako mai kauri, jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Yanzu ga inda karatu ke da rana: ka liƙa ƴar takarda kan kowane tiyo da kowace waya ka rubuta 1, 2, 3, ka zana a littafinka inda kowane yake. Ko ka ɗauki hoto da salula. Na taɓa mayar da tanki na musanya tiyo biyu, kwana guda muna zargin karbirato ba shi da laifin komi.

Notinan da ke riƙe tanki sun shekara cikin laka, ka jiƙa su da mai tun daren jiya, kar ka matsa da ƙarfi su karye. Mutum 2 za su sauke. Ka ciro ma'aunin mai, wannan mai ɗan balan-balan da ke iyo a ciki yana gaya wa allurar gaban direba ko saura nawa, a hankali don hannunsa siriri ne.

Wanki shi ne rabin aikin kuma shi mutane suka fi yi wa gaggawa. Ruwan zafi da omo, a zuba tsakuwa masu tsabta ko tsofaffin notina, a toshe baki, a yi ta girgizawa ana juyawa, a zubar a sake, har ruwan ya daina fitowa ja. Ni na fi son noti, don kana iya ƙirga su, ka zuba 30 ka ga 30 sun fito, tsakuwa kuwa ɗaya ta maƙale sai ta dame ka da ƙara har Tasawa. In tsatsar ta kama sosai a jiƙa da binegar kwana 1 ko 2, a ɗauraye da ruwan kanwa, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla. Sannan a shanya nan take, baki a buɗe. Rana dai ba mu rasa ta a Maraɗi ba, amma lokacin hunturu a ɗaura ƙyalle a baki saboda ƙura.

Don gano huda, toshe duk ƙofofi ka hura iska kaɗan da famfon keke, ka shafa ruwan kumfa a jiki, inda ya yi ƙwai nan ne. Kar a sa injin iska na mai faci, zai kumbura tankin. Tsatsa ta fi cin gindi da wurin da maɗauri ya kwanta.

Ƙaramar huda kamar ta allura, a goge wurin har ƙarfe ya yi haske a sa gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana jure mai, ko a kai wa mai gyaran lagireto ya liƙe da dalma. Sabulun da direbobi ke gogawa kan huda yana aiki don esansi ba ya narkar da shi, amma na kai ka gida ne, ruwan sama na farko zai wanke shi. Walda kuwa sai gwani, bayan wanki sosai kuma a cika tankin da ruwa har kusa da inda za a ƙona. In gindin ya zama kamar rariya, ka bar wahala ka nemi na hannu wajen masu kwance motoci.

Wajen mayarwa ka yi wa bayan tanki fenti, ka sa ƴar roba tsakanin maɗauri da tanki don kar su goge juna. Tiyo sabo na mai, ba na ban ruwa ba, esansi na narkar da wancan. Robar bakin ma'auni ma sabuwa, filta sabuwa. Ka hura ƙaramin tiyon numfashi ka tabbata a buɗe yake, in ya toshe mota za ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ka buɗe murfi ka ji fuu. Wayar da ke ɗaure a jikin mota ka goge gurbinta, in ba haka ba allura za ta yi maka ƙarya. Zuba lita 5 tukuna, ka leƙa ƙasa, ka mayar da batir, ka tayar, ka sake leƙawa.

Aikin gida: tanki na da lita 42 a ciki, jarkarka tana cin 25. Jarka nawa za ka tanada, kuma lita nawa za su shiga ta ƙarshe? Sannan ka rubuta waɗannan kalmomi sau 3 a littafinka: tanki, tsatsa, tururi, maɗauri. A kula da lanƙwasar ɗ, da yawa sun manta da ita a darasin da ya wuce.