Yadda Ake Gano Wasan Bowl da Jami'a Za Ta Buga a Amurka da Inda Kuɗinsa Ke Tafiya

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, jami'o'in Amurka da ke babban mataki na ƙwallon ƙafar ƙasar, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita, suna buga wasannin rufe kaka kimanin 40 da ake kira Bowl. Duk mai son sanin wasan da wata jami'a za ta je da kuɗin da za ta samu, to gamayyar da jami'ar take ciki, wato rukunin jami'o'in da suke gasa tare, zai fara dubawa, domin masu shirya wasannin da gamayya suke ƙulla yarjejeniya, kuma asusun gamayya kuɗin yake fara faɗawa.

Ka fara da tabbatar da cewa ƙungiyar ta cancanta. Ƙa'idar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ita ce nasara shida a cikin wasanni 12 na kaka, kuma nasara ɗaya kaɗai ake ƙirgawa daga waɗanda aka samu a kan jami'o'in mataki na ƙasa. Idan masu nasara shida ba su cike gurabe ba, sai a ɗauko masu nasara biyar bisa ƙoƙarin 'yan wasansu a karatu.

Daga nan sai ka ware waɗanda suka shiga gasar fitar da zakara ta CFP (College Football Playoff), wadda ta fara da ƙungiyoyi huɗu a 2014, aka faɗaɗa ta zuwa 12 a 2024. A tsarin da aka fara da shi a waccan shekara, zakarun gamayya biyar da suka fi matsayi suna da gurbi kai tsaye, sauran bakwai kuma kwamiti ne yake zaɓo su. Manyan wasanni shida, wato Rose, Sugar, Orange, Cotton, Fiesta da Peach, su ne suke ɗaukar zagayen 'yan takwas da na kusa da ƙarshe. Wannan ya sassauta tsohuwar al'ada, domin Rose Bowl na garin Pasadena, wanda aka fara bugawa a 1902, ya shafe shekaru tun 1947 yana haɗa zakaran gamayyar Big Ten da zakaran gamayyar gabar yamma, wadda daga baya aka sani da Pac-12. Duk da haka ba a yar da al'adar baki ɗaya ba, shi ya sa a Janairun 2025 aka kai Oregon, zakaran Big Ten, Rose Bowl, aka kai Georgia, zakaran gamayyar kudu maso gabas ta SEC, Sugar Bowl a New Orleans.

Bayan an cire waɗannan ne aikin lissafi yake farawa. Ka nemo jerin wasannin da gamayyar take da yarjejeniya da su, ka lura da wanda yake da ikon zaɓe na farko. A yarjejeniyoyin da suka fara aiki a 2020, Citrus Bowl na Orlando ne yake fara zaɓa daga SEC da Big Ten. Bayansa kuma ofishin SEC da kansa yake raba ƙungiyoyi shida zuwa wasannin da ake yi a garuruwa irin su Tampa, Jacksonville, Nashville, Houston da Memphis, bayan ya ji ta bakin jami'o'in da masu shirya wasan. A nan kada ka ɗauka cewa wanda ya fi nasara shi ne zai samu wasa mafi daraja. Masu shirya wasa tikiti suke son sayarwa, otal-otal na garin suke son su cika, saboda haka jami'ar da magoya bayanta suke da yawa kuma suke son tafiya tana iya tsallake wadda ta fi ta da nasara ɗaya. Ana kuma gudun maimaita karawar da aka riga aka yi a kakar, ko mayar da ƙungiya garin da ta je bara.

Ka kuma yi hattara da jami'o'in da suka sauya sheƙa. Lokacin da Pac-12 ta watse a 2024, USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten, wasu huɗu suka koma Big 12, Stanford da California suka shiga gamayyar ACC, amma tsofaffin yarjejeniyoyin Bowl sun ci gaba da binsu. Dalilin ke nan da ya sa a Alamo Bowl na Disambar 2024 aka ga Colorado, wadda ta baro Pac-12, ta kara da jami'ar BYU, alhali dukansu 'yan Big 12 ne. Ita kuwa Notre Dame, wadda ba ta cikin kowace gamayya a ƙwallon ƙafar Amurka, tana shiga jerin ACC ne idan ba ta samu gurbi a CFP ba.

Batun kuɗi shi ne inda aka fi yin kuskure, domin adadin da ake sanarwa ba shi ne abin da jami'a take sakawa a aljihu ba. A kakar 2024, CFP ta biya gamayya dala miliyan 4 kan kowace ƙungiyarta da ta shiga gasar, da wasu miliyan 4 idan ta kai zagayen 'yan takwas, da miliyan 6 na kusa da ƙarshe, da wasu miliyan 6 na wasan ƙarshe, ban da miliyan 3 na ɗawainiyar tafiya a kowane zagaye. Idan ka lissafa, Ohio State da ta ɗauki kofin ta jawo miliyan 20, Penn State 14, Oregon 8, Indiana 4, jimilla miliyan 46, kuma duk asusun Big Ten mai mambobi 18 suka shiga, inda har wanda bai buga ko wasa ɗaya a Janairu ba yake da rabo. Notre Dame da ta sha kashi a wasan ƙarshe ta riƙe miliyan 20 ɗinta ita kaɗai, tunda ba ta da abokin rabo. Saboda haka sai ka binciki dokar rabon kowace gamayya: SEC tana ware wa wadda ta buga wasan wani kaso sannan a raba saura, ACC kuma ta koma tsarin da wanda ya yi nasara yake riƙe mafi yawan abin da ya jawo, bayan matsin lamba daga Florida State da Clemson.

Sabuwar yarjejeniyar CFP da tashar ESPN ta kai dala biliyan 7.8 a shekaru shida, kuma daga 2026 rabon ya karkata sosai. Big Ten da SEC kowacce tana da kusan kashi 29 cikin 100, ACC kusan 17, Big 12 kusan 15, yayin da ƙananan gamayyoyi za su raba kusan kashi 9 a tsakaninsu. A ganina wannan rabo ya fi kowane wasa guda tasiri, domin an ƙayyade shi tun kafin a taɓa ƙwallo.

A ƙananan wasanni kuwa, sai ka cire kuɗin jirgi da masauki na 'yan wasa da makaɗan jami'a, da ladan masu horarwa, da tikitin da aka wajabta wa jami'ar saye ko ta sayar ko ba ta sayar ba. Jami'ar Connecticut ta je Fiesta Bowl a Janairun 2011 ta kara da Oklahoma, ta kasa sayar da mafi yawan tikitinta, ta dawo gida da asarar kusan dala miliyan 1.8. Rahoton kuɗi na shekara da sashen wasanni na jami'o'in gwamnati yake fitarwa shi ne wurin da za ka duba waɗannan alƙaluma.