Yadda za ka ci abinci ka yi mu'amala a Bankok ba tare da ka ji kunya ba

Ɗan kasuwar da ya je saro kaya a Pratunam, babbar kasuwar tufafi ta Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, yakan kwana biyu yana lallaɓa guzurin da ya taho da shi daga gida. A rana ta uku yunwa ke fito da shi titi, ya tarar da tukwane suna tafasa ko'ina, ƙamshi ya cika gari, amma bai san me ke ciki ba. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na farko: haddace kalmar "mu"

"Mu" shi ne alade a harshen Tailan, kuma ita ce kalmar da ta fi kowace amfani ga Musulmi. Ka ce "mai kin mu", wato ba na cin alade, ko "mai sai mu", kada a sa alade. Sai dai kada ka dogara da wannan kaɗai. Mai abinci zai cire maka yankan naman da kake gani da zuciya ɗaya, alhali romon da ya zuba maka da ƙashin alade aka dafa shi tun asuba. Haka ƙwallayen naman da ke yawo a cikin taliya, da niƙaƙƙen naman da ake soyawa da ganye.

Saboda haka ka nemi wurin Musulmi tun farko. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma ba su da wuyar ganewa: mace da ɗankwali a bayan tukunya, alamar jinjirin wata da tauraro a jikin amalanke, ko tambarin halal da aka rubuta da Larabci. Kayan kanti ma, irin na 7-Eleven, da yawansu suna ɗauke da tambarin majalisar Musulunci ta ƙasar. Daga Pratunam, ka nufi unguwar masallacin Darul Aman da ke layi na 7 a titin Phetchaburi. Akwai kuma layi na 3 a titin Sukhumvit, wajen Nana, inda gidajen abincin Larabawa suka yi yawa, da kewayen masallacin Haroon a Bang Rak. Ka fara da "kau mok gai", shinkafa ce mai kurkum da kaza a binne a ciki, 'yar uwar dafa-duka. Ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Mataki na biyu: kalmomin da za su fisshe ka

Namiji yana rufe maganarsa da "kap", mace da "ka". Wannan 'yar kalma ita ce ladabin, kamar yadda muke saka "don Allah" ko "ranka ya daɗe". Gaisuwa "sawadi kap", godiya "kop kun kap", neman afuwa "ko tot kap". A kasuwa ka ce "tau rai", nawa ne, sannan "lot noi dai mai", a rage mini mana. In an gama cin abinci, "kep tang" na nufin a zo a karɓi kuɗi. Ka ƙara da "aroi", da daɗi, ka ga yadda fuskar mai abincin za ta washe.

Harshen yana da karin sauti iri 5, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, don kunnenmu ya saba raba wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar da ake sha. Ka saurari hawa da saukar murya, ka kwaikwaya. Ka kula da "gai" da "kai": na farko kaza, na biyu ƙwai. Na taɓa neman kaza aka kawo mini shinkafa da soyayyen ƙwai, na ci abina shiru don ni na faɗa.

Mataki na uku: a kan tebur

Cokali a hannun dama, mai yatsu a hagu. Mai yatsun aikinsa tura abinci cikin cokali, ba a kai shi baki. Tsinken cin abinci na taliya ne kawai. Shinkafa mai danƙo ta mutanen Isan, arewa maso gabashin ƙasar, ita ce ake dunƙulawa da hannu a dangwala kamar tuwo. In kuna da yawa, za a jera kwanuka a tsakiya, kowa da farantin shinkafarsa. Ɗebi cokali ɗaya ko biyu, ka cinye, ka sake ɗiba. Tula komai a farantinka lokaci guda zalama ce a idonsu.

Batun yaji, kada ka yi cika baki wai kai ɗan gidan yajin tsire ne. Kwaɗon ɗanyar gwanda da suke kira "som tam" ya sa manya hawaye. "Mai pet" na nufin ban da yaji, "pet nit noi" kuma kaɗan.

Mataki na huɗu: kai, ƙafa da murya

Gaisuwarsu, "wai", haɗa tafin hannu ne a ƙirji a ɗan sunkuyar da kai. In zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, murmushi da gyaɗa kai sun wadatar, kuma Musulminsu sallama suke yi kamar mu. Kai yana da daraja a wurinsu, don haka kada ka shafa kan yaron wani da sunan wasa. Ƙafa kuma ita ce mafi ƙasƙanci: ba a nuna abu da ita, ba a miƙe ta wajen mutum ko gunkin Buda. Cire takalmi a ƙofar gida da wurin ibada ba sabon abu ba ne a gare mu. Mace ba ta taɓa malaman addinin Buda masu tufafi ruwan lemo, ba ta kuma miƙa musu abu hannu da hannu.

Wanda ya fi kama mu shi ne murya. Cinikin Kantin Kwari, inda ake ɗaga murya a tafi a dawo ana rantsuwa, a can ana ganinsa faɗa ne. Da ka ɗaga murya mai shago zai yi murmushi ya daina ragi. Ka sassauta, ka danna farashinka a kwakuleta ka miƙa masa.

Mataki na biyar: sarauta

Nan babu wasa. Sashe na 112 na dokar laifukan ƙasar ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma baƙo bai tsira ba, ko a Facebook ya rubuta. Kuɗinsu, bat, yana ɗauke da hoton sarki, don haka in iska ta kwashe maka takardar kuɗi kada ka take ta da ƙafa, sunkuya ka ɗauka. Da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa. In ka ga mutane sun tsaya cik, ajiye ƙunshin kayanka ka tsaya tare da su, minti ɗaya ne ya ƙare.