An hana ka bizar Birtaniya? Kurakuran da ake yi a hanyar zuwa kotu

Da takardar ƙin biza ta iso, yawancinmu layin farko kawai muke karantawa, rai ya ɓaci, sai ka ji mutum ya ce zai ɗaukaka ƙara. Tun daga nan aka fara kuskure. A Yunin 2013 Birtaniya ta soke wannan dama ga masu neman bizar ziyarar dangi, sai fa in batun haƙƙin ɗan Adam ya shigo. Abin da ya rage shi ne a roƙi babbar kotun shige da fice ta yi bitar yadda jami'in biza ya yanke hukuncinsa.

A nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi, kuma abin yana damuna. Alƙali ba ya ba da biza, ba ya kuma auna ko ka cancanta. Tambayarsa ita ce: jami'in ya bi doka? Ya duba abin da aka ajiye a gabansa? A ce takardar ta rubuta cewa naira miliyan huɗu sun faɗo asusunka ba a san tushensu ba. In ka haɗa da takardar cinikin filin da ka sayar amma jami'in ya tsallake ta, kana da magana a gaban alƙali. In kuwa takardar tana gida cikin durowa, ba ka taɓa tura ta ba, to jami'in bai yi laifi ba, kuma da wuya kotu ta karɓi sabuwar hujja. Gyaran nan shi ne ka sake nema, ka yi bayanin kuɗin dalla-dalla. Ko ka yi nasara a kotu ma, soke hukuncin za a yi, a mayar da fayil ɗin a sake dubawa, kuma ana iya sake hana ka.

Sai zaman jiran tsammani. Wa'adin shigar da ƙarar wata uku ne daga ranar hukuncin, kuma ana so a shigar tun kafin nan. Kafin shigar da ƙara, lauya yakan aika wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya wasiƙar gargaɗi, a ba ta kwana 14 ta amsa. Sau da yawa a nan ake janye hukuncin ba tare da an je kotu ba. Amma wasiƙar ba ta tsayar da ƙidayar kwanaki, ko da shiru aka yi maka.

Kada a ɗauki dokar wata ƙasa a ɗora wa wata: a Kanada kwana 60 ne ga wanda ke waje, a Amurka kuwa kusan babu kotun da ke taɓa hukuncin jami'in biza.

Ejan da ya cike maka fom ba lauya ba ne. Nemi mai lasisin aiki a Birtaniya, ka tambaye shi tun farko nawa za ka biya in an kayar da kai, domin ana iya ɗora maka kuɗin shari'ar gwamnati, kuma rashin biyansu yana iya hana ka biza nan gaba.

Wuri ɗaya ne ba na ba da shawarar a sake nema kai tsaye: inda takardar ta zarge ka da yaudara ko takardun bogi. Wannan zargi yana iya rufe maka ƙofa har shekara 10. In ka san takardunka na gaskiya ne, je bankin ko wurin aikin da ya ba ka su, ka karɓo wasiƙar tabbatarwa, ka miƙa wa lauya a cikin makon.