Babi na 7: Wa Ya Ba Bankin Nan Izini?

Darasi na 1: Haruffa uku

Iyayena da 'yan'uwana, a buɗe littafin aiki, a ɗauki fensir.

A Najeriya wuri ɗaya ne ke ba banki lasisi, shi ne Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1959. Gwamna ba ya bayarwa. Ciyaman ba ya bayarwa. Mai gari ma ba ya bayarwa. A Amurka jiha kan ba banki izini, ta kuma sa masa ido da kanta, amma mu nan ba haka tsarinmu yake ba. Ko bankin ƙananan rance da ake ce wa na jiha, wanda rassansa ba su wuce jiha ɗaya ba, daga Babban Banki takardarsa take fitowa, kuma sai ya nuna jarin naira biliyan 1.

A taƙaice ana rubuta sunan Babban Banki haka:

C B N

Ku ɗora yatsa a kan na farko. Shi ne harafin da muka koya a "ciki" da "cokali", sai dai a rediyo za ku ji an ce si-bi-en. Ku matsa yatsa. Na biyu B ne, na "baba". Na uku N ne, na "nama". Ku rubuta sau 5.

Yanzu ga wasu ukun:

C A C

Wannan hukumar rajistar kamfanoni ce. Mai gidan burodi yana da takardarta, mai sayar da siminti ma haka. Tana nuna an yi wa kamfani rajista, shi ke nan. Ba ta ba kowa damar karɓar ajiyar jama'a ba.

To, a nan ne ake faɗuwa. Duka biyun da C suka fara, sai ido ya ga harafin farko ya ce ai na gane, yatsa ya ɗaga. Kada ya ɗaga. Na tsakiya shi ne alƙali. In B ne mai ciki biyu, Babban Banki ne. In A ne mai kan tsini, rajistar kamfani ce. Ku sake dubawa. Ciki biyu, ko kan tsini? Baba, ba komai in sai ka kusantar da takardar ga ido. Hajiya, ki bi a hankali, ba tsere muke ba. Wanda ya kuskure ya goge ya sake, abin da ya sa fensir ke da magogi ke nan.

Mu ƙara yi. A rufe littafi. A rubuta CBN a dama, CAC a hagu. A zagaye na tsakiya a kowanne.

Bari in faɗa muku gaskiya, akwai abin da ke ɓata mini rai. Mutum zai yi wata guda yana zaɓen akuya, ya duba haƙori, ya taɓa baya, amma kuɗin amfanin gona na shekara sai ya miƙa wa wani don ya ga takarda a firam da hatimi ja. Hatimi ba lasisi ba ne! Takardar ƙungiyar gama kai da ma'aikatar jiha ta bayar ita ma ba lasisin banki ba ce, ko da ƙungiyar ta mutanen kirki ce. Kuma macuci ma ya iya rubuta CBN a allo. Saboda haka bayan kun ga haruffan, ku sa yaro mai waya ya shiga shafin Babban Banki a intanet, akwai jerin sunayen masu lasisi. Ku riƙe masa sunan bankin a rubuce, ku gwada harafi da harafi. Jin kunyar ɗanka bai kai zafin asara ba.

Kafin mu wuce: na tsakiya B ne ko A?

Darasi na 2: NDIC

Wannan hukuma ce da aka kafa a 1988 don ta biya masu ajiya idan banki ya durƙushe. Tun 2024 tana biyan mutum ɗaya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a bankin ƙananan rance. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin. Ba ruwanta da adashi, ba ruwanta da wurin da ba shi da lasisi. Ku nemi alamarta a ƙofa. Haruffanta huɗu ne, ku rubuta su.

Darasi na 3: In an ƙwace lasisi

Yana faruwa. A watan Yuni 2024 an ƙwace na Heritage Bank, kuma da lambar BVN, wato lambar tantance mai asusu a banki, aka gano asusun mutane a wasu bankuna aka tura musu kuɗinsu. Ku rubuta taku BVN ɗin, lambobi 11 ne, ku adana, kada ku karanta wa kowa a waya.

Darasi na 4: Kai kuka

A fara da bankin, a rubuce, a karɓi lambar shaida. In sun yi shiru, sai sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Aikin gida: CBN sau 10, CAC sau 10.